Gidanmu ya ƙone a gobarar Altadena, kuɗin inshora bai kai ba: mu karɓa mu huta ko mu bi haƙƙinmu?

"Assalamu alaikum. Ni da maigidana da yaranmu uku muna zaune a Altadena, kusa da Los Anjeles, har gobarar watan Janairun 2025 ta cinye gidanmu ƙurmus. Daga mu sai kayan jikinmu da fasfo muka fita. Muna da inshora, an kuma aiko mana da cakin farko, amma ɗan kwangilar da muka kira ya ce sake gina gidan zai ci kusan dala 800,000, alhali abin da ke rubuce a takardarmu dala 520,000 ne. Masu inshorar sun ce mu rubuto jerin duk abin da ya ƙone a cikin gidan, ni kuwa da na zauna zan fara sai kuka ya ƙwace mini. Lauyoyi sai kiranmu suke mu shiga ƙarar kamfanin wutar lantarki, shi kuma kamfanin ya ce zai biya kai tsaye ba sai an je kotu ba. Maigidana ya gaji, so yake mu karɓi abin da aka ba mu mu huta. Me ya kamata mu yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ina yi muku jaje, Allah ya mayar da alheri, ya kuma kiyaye gaba. Fitar da kuka yi da rai, ke da maigida da yara, ita ce babbar nasara, domin wannan gobara ta Eaton ta laƙume gine-gine sama da 9,000, ta kuma tafi da rayuka.

Idan na fahimce ki, abu uku ne suka cakuɗe miki wuri guda: giɓin da ke tsakanin kuɗin inshora da kuɗin gini, jerin kayan da zuciya ta kasa rubutawa, da batun diyya daga kamfanin wuta. A ƙarƙashinsu duka akwai tambayar maigida: ba gara a sa hannu a rufe maganar ba? Na yi shekaru ina aikin kimanta asarar gobara a Kalifoniya, da farko a ɓangaren kamfanonin inshora, daga baya na koma ɓangaren masu gidaje. Ni ba lauya ba ne, kuma ban ga takardar inshorarku ba, don haka abin da zan faɗa jagora ne, ba hukunci ba. Amma abu ɗaya nake so ki riƙe tun daga nan: karɓar kuɗi daban, sa hannu a takardar rufe magana daban. Ku karɓi duk cakin da aka aiko. Kada ku sa hannu kan wata takarda mai cewa wannan shi ne biyan ƙarshe sai kun san ainihin adadin asararku da lissafin kanku, ba da na wanda zai biya ku ba.

Hanya biyu ce, kada ku haɗa su

Inshora ciniki ne. Kun yi shekaru kuna biya, su kuma sun yi alƙawarin biyan ku idan gobara ta auku, ko wa ya jawo ta. Ba ruwansu da laifin wani, amma suna da iyaka, kuma iyakar tana cikin takarda. Diyya kuwa tana fitowa ne daga wanda ake ganin shi ya haddasa gobarar. Ba ta da iyaka irin ta takarda, tana kuma rufe abubuwan da inshora ba ta san da su ba, kamar firgici da ɓacin rai, da asarar aiki, da giɓin da inshora ta bari. Sai dai tana ɗaukar lokaci, kuma babu tabbacin adadi.

Dalilin da ya sa nake cewa ku fara da inshora shi ne, duk abin da za ku nema a hanya ta biyu ana gina shi ne a kan abin da kuka tabbatar a ta farko. Wanda bai san nawa gidansa zai ci ba, bai san darajar kayansa ba, ba zai iya gane tayi mai kyau da mara kyau ba ko da an ajiye masa su a gabansa.

Dala 520,000 ba lallai ita ce iyaka ba

Lambar da mutane ke riƙewa a ka ita ce ta shafin farko, wadda ke gefen "gidan zama". Amma takardar inshorar gida a Amurka aljihu-aljihu ce. Akwai aljihun ginin gida. Akwai na sauran gine-ginen da ba a manne suke da gida ba, irin su gareji da shinge da ɗakin ajiya, wanda galibi kashi 10 cikin 100 ne na kuɗin gidan. Akwai na kayan cikin gida. Akwai na zaman haya kafin a gama gini. Sannan akwai ƙare-ƙaren da ake liƙawa a bayan takarda, waɗanda su ne mutane ba sa karantawa. Ku rubuta wa kamfanin ku nemi cikakken kwafin takardar da dukkan ƙare-ƙarenta. Doka ta wajabta musu su ba ku kyauta cikin kwana 30.

Ƙari biyu za ki fara nema. Na farko shi ne ƙarin kuɗin sake gini, wanda ke ɗora wani kaso a kan iyakar gidan idan gini ya fi tsada, yawanci kashi 25 ko 50 cikin 100. Na biyu shi ne kuɗin bin sabbin dokokin gini. Yawancin gidajen Altadena tsofaffi ne, an gina su tun kafin a zo da ƙa'idojin yanzu na wayoyin wuta, da jure girgizar ƙasa, da bututun yayyafa ruwa a cikin gida, da kayan rufi masu jure wuta. Hukuma ba za ta bari ku maimaita ginin 1950 ba, kuma bambancin kuɗin daga wannan aljihu yake fitowa.

Bari mu yi lissafi da lambobinki, a matsayin misali kawai. A ce kuna da ƙarin kashi 25: dala 130,000 ke nan, jimla ta koma 650,000. A ce kuɗin bin dokokin gini kashi 10 ne: ƙarin 52,000, an kai 702,000. Dokar Kalifoniya ta kuma ce idan gida ya ƙone gaba ɗaya a bala'in da gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, kuma kuɗin gidan bai isa ba, mai gida na iya ɗaukar abin da aka biya shi na gareji da shinge ya zuba a ginin gidan, ba dole sai ya sake gina su ba. Idan asarar da kuka yi a nan ta cika aljihun, wata 52,000 ce, an kai 754,000. Kin ga giɓin da kike gani 280,000 ya dawo ƙasa da 50,000. Ba na ce haka takardarku take ba. Na ce ne kada ku yanke ƙauna da lambar shafin farko. Bishiyoyi da shuke-shuke ma, da kwashe baraguzai, sau da yawa suna da nasu ɗan kason daban.

Wani abu da ke rikita mutane shi ne ragin tsufa. Cakin farko yawanci ba kuɗin sabon gini ba ne, darajar tsohon ce bayan an cire abin da shekaru suka ci daga rufi, da fenti, da daɓen ƙasa. Abin da aka riƙe naku ne, amma ba ya fitowa sai kun nuna kun kashe kuɗin a gini. Haka ƙarin kashi 25 ɗin nan. Wanda ya karɓi cakin farko ya yi tafiyarsa ya bar wa kamfani wannan kuɗi ke nan. Bayan bala'i irin wannan, doka ta ba ku aƙalla wata 36 daga biyan farko ku karɓi cikon. Kuma idan zuciyarku ba ta son komawa wannan fili, kuna da damar gina wani gida a wani wuri ko ku sayi ginanne, ku karɓi kuɗin da sake ginin tsohon zai ci, har da ƙarin. Na ga iyalai da yawa da wannan ƙa'ida ta zame musu mafita, musamman tsofaffi da ba za su iya jiran gini na shekara biyu ko uku ba.

Game da dala 800,000 da ɗan kwangila ya faɗa: idan da baki ya faɗa, ko a takarda guda ya rubuta, ba za ta yi muku aiki ba. Jami'in inshora yana fitar da nasa lissafin ne da manhajar kwamfuta da ke jera komai layi-layi, daga fandisho zuwa marfin ƙofa, kuma farashin da ke cikinta sau da yawa yana baya da abin da magina ke karɓa bayan babbar gobara, lokacin da dubban mutane ke neman kafinta da birkila a lokaci guda. Ba a ja da irin wannan lissafi da lamba ɗaya. Ana ja da shi ne da wani lissafin mai layi-layi, na gidan da kuka rasa yadda yake, ba na gidan da kuke fatan ginawa ba. Na taɓa zama da wasu ma'aurata da lissafin kamfani ya saka musu tagogi na gama-gari da kabad na katako mai araha, alhali gidansu na da tagogin katako na aikin hannu da murhun ɗumama ɗaki na dutse. Ba mu da zanen gidan. Hotunan bikin 'yarsu da aka yi a falo, da hotunan da dillali ya ɗauka lokacin da suka sayi gidan, su muka bi ɗaki-ɗaki muka gyara lissafin. Ki duba wayarki, da ta dangi, da shafukan sayar da gidaje na intanet, da ofishin ba da izinin gini na gunduma. Gani ya kori ji.

In har bayan duk wannan giɓin ya kasance babba, akwai tambayar da ta cancanci a yi: wa ya zaɓi lambar 520,000? Idan wakilin kamfani ne ya ƙiyasta ya ce ta isa, ko kun taɓa neman a ƙara aka ce babu buƙata, ki nemo saƙonnin. Ba hanya ce mai sauƙi ba, domin kotuna sukan ce nauyin zaɓen adadi a kan mai gida yake, amma an sha samun gyara ta nan idan akwai shaida a rubuce. Ƙarancin inshora ba sakacinku ba ne ku kaɗai. An ga haka bayan gobarar tsaunukan Oakland a 1991, da ta Santa Rosa a 2017, da ta Marshall a Kolorado a ƙarshen 2021: mutanen da ke biyan kuɗinsu a kan kari suka wayi gari kuɗin bai kai na gini ba.

Jerin kaya

Nan ne na fi so in daɗe, saboda nan ne na ga an fi yin asara, kuma ba don rashin haƙƙi ba, don ciwon zuciya. Kukan da kike yi ba rauni ba ne. An ce ki zauna ki tuna bargon da kika naɗe ɗanki na fari, ki kuma sa masa farashi. Babu wanda wannan ba zai karya wa zuciya ba.

Dokar da ke aiki lokacin gobararku ta ce idan gidan zama ya ƙone gaba ɗaya da kayansa, dole kamfani ya ba da aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin gidan a matsayin kuɗin kaya, har zuwa dala 250,000, ba tare da an kawo jeri ba. A lissafinku dala 156,000 ke nan. Kwamishinan inshora na jihar a lokacin gobarar, Ricardo Lara, ya kuma roƙi kamfanoni su biya fiye da haka ba tare da jeri ba, wasu sun amsa. Don haka ki fara da rubuta musu ki tambaya: nawa za ku biya ba tare da jeri ba? Idan sun ce za su biya duka ko kusan duka, kin huta. Idan sun tsaya a kashi 30, to ki duba iyakar aljihun kayanku. A ce kashi 70 ne na kuɗin gida, dala 364,000 ke nan. Abin da ke tsakani ya haura dala 200,000, kuma jerin nan shi kaɗai ne mabuɗinsa. Wannan kuɗi ba a ɗaure yake da gini ba, kuna iya zuba shi a giɓin ginin in kun so.

Mutane kan ce ai kayanmu ba su kai haka ba. Kusan kullum sun kai. Ki rufe ido ki buɗe durowa ɗaya ta kicin, ki ƙirga cokula, da wuƙaƙe, da ludayi, da mabuɗin gwangwani, da duk ƙananan abubuwan da aka tara shekara goma. Na taɓa yin wannan da wata dattijuwa da ta rantse kicin ɗinta bai wuce tukwane 'yan kaɗan ba. Kwana biyu muka yi, shafi goma sha ɗaya muka cika. Yara uku: takalma, kayan makaranta, kekuna, kayan wasa, kwamfuta. Ba a neman rasit ga kowane abu. Doka ma ta yarda a haɗa kaya iri ɗaya rukuni-rukuni, kamar tufafi ko littattafai ko kayan abinci, ba sai an lissafa ɗaya bayan ɗaya ba.

Yadda na ga yana yiwuwa shi ne kada mutum ya yi shi kaɗai, kuma kada ya yi da yawa a zama ɗaya. Ki samu ƙawa ko ƙanwa ta riƙe kwamfuta, ke ki riƙa faɗa tana rubutawa, ɗaki ɗaya a rana, awa ɗaya kawai. Ki zazzage tarihin sayayyarki daga banki da shagunan intanet, zai tuna miki abin da kika manta. Ki sa farashin sabo na yau, da haraji, domin shi za ki biya in za ki sake saye. Idan sun dawo da jerin sun yi masa ragin tsufa na bai-ɗaya, a ce rabin kuɗi a kan komai, kada ki yarda: kujerar da aka saya bara ba daidai take da ta shekara goma sha biyar ba, kuma ya wajaba su bayyana ragin abu-abu. Abu ɗaya kuma: kada a ƙara ko cokali ɗaya da babu shi. Ƙarya guda da aka kama tana iya rushe dukkan neman, ga kuma laifi a gaban doka, ga nauyi a gaban Allah. Gwal da kayan ado masu tsada galibi suna da ƙaramar iyaka ta musamman, wani lokaci ta sata ce kawai ba ta gobara ba, don haka a karanta wannan sakin da kyau kafin a haƙura.

Haya, banki da baraguzai

Kuɗin zaman haya yana biyan ƙarin da gobara ta jawo muku a kan rayuwarku ta yau da kullum: hayar gida daidai da wanda kuka rasa, hayar kayan ɗaki, ƙarin nisan kai yara makaranta. Bayan dokar ta-ɓaci, wa'adinsa aƙalla wata 24 ne, ana kuma iya kai shi 36 idan jinkirin gini ba daga gare ku yake ba. Amma doka lokaci ta tsawaita, ba adadin kuɗi ba. Idan aljihun yana da iyakar dala, ku raba ta da yawan watannin da gini zai ɗauka tun yanzu, ku ga ko hayar da kuke biya za ta kai ku.

Idan akwai bashin banki a kan gidan, cakin gini zai fito da sunanku da na banki. Bankin zai riƙe kuɗin ya riƙa saki kashi-kashi gwargwadon yadda gini ke tafiya. Wasu kan ji kamar su biya bashin gaba ɗaya da cakin su huta. Ku yi tunani sosai kafin haka: in kun biya tsohon bashi mai sauƙin ruwa, da me za ku yi gini? Idan kuma gwamnati ce ta kwashe muku baraguzai, ku ajiye kason da takardarku ta ware wa wannan aiki, domin gunduma na iya nemansa daga baya.

FEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta gwamnatin tarayya, ba ta biyan abin da inshora ta biya, amma tana iya taimakawa inda inshora ta gaza, shi ya sa wasiƙar da ke nuna iyakar abin da kamfani zai ba ku take da amfani a wurinsu. Rancen bala'i na SBA, hukumar tarayya mai kula da ƙananan sana'o'i wadda ke ba masu gidaje rance bayan bala'i, yana kaiwa dala 500,000 na gini da 100,000 na kaya, amma bashi ne mai ruwa, ba kyauta ba.

Yadda ake magana da kamfani

Komai a rubuce. Idan kun yi waya, ki bi ta da imel: yau mun yi magana da wane, ya ce kaza. Ƙa'idojin jihar sun ba kamfani kwana 15 ya amsa saƙo, kwana 40 ya karɓi nema ko ya ƙi bayan an kawo hujja, da kwana 30 ya biya abin da babu jayayya a kai. Bayan babbar gobara ana ɗebo jami'ai daga wasu jihohi, wasunsu ba su san dokokin Kalifoniya ba, ana kuma yawan sauya su. Kowane sabo sai ya ce a fara daga farko. Fayil ɗinku shi ne kariyarku. Yawancin jami'an da na yi aiki da su ba mugaye ba ne, amma kowannensu na ɗauke da fayiloli fiye da ƙarfinsa, kuma albashinsa daga kamfani yake fitowa. Wanda ya zo da takardu a tsare, cikin ladabi, ba ya kuma gajiya da tuni, shi ake fara sallama.

In abu ya cije, ku kai koke Ma'aikatar Inshora ta Kalifoniya, kyauta ne, kuma dole kamfani ya ba ta amsa. Ƙungiyar United Policyholders, wadda aka kafa a 1991, tana da samfurin wasiƙu da na jerin kaya kyauta. Akwai kuma masu kimanta asara masu zaman kansu, irin aikina, da ke karɓar kaso daga abin da suka samo muku. Gaskiyar magana ba kowa ke buƙatarmu ba. Idan a fili yake cewa kamfani zai biya har iyakar kowane aljihu, ba ku da dalilin ba wani kaso. In kuwa za ku ɗauka, ku tabbatar yana da lasisi, kuma kasonsa a kan sabon kuɗin da ya samo ne, ban da wanda ya riga ya shigo hannunku.

Batun diyya

A Kalifoniya akwai ƙa'idar da ta sa idan kayan kamfanin wuta ne suka tayar da gobara, zai biya asarar dukiya ko da ba a tabbatar ya yi sakaci ba. Wannan ne ya sa lauyoyi ke ta kiranku. An shigar da ƙararraki masu yawa a kan kamfanin wutar lantarki na Southern California Edison kan gobarar Eaton, har da waɗanda gundumar Los Anjeles da gwamnatin tarayya suka shigar, shi kuma ya buɗe shirin biyan diyya kai tsaye a ƙarshen 2025. Sharaɗin shirin a fili yake: wanda ya karɓi tayi ya sa hannu, ya rufe wa kansa ƙofar kotu a kan wannan gobara.

Kowace hanya da farashinta, kuma tarihi ya nuna. Gobarar Camp ta Nuwamban 2018 ta shafe garin Paradise, ta kashe mutum 85. Layin wutar kamfanin PG&E ne sanadi. Kamfanin ya nemi kariyar fatara a Janairun 2019, aka kafa asusun dala biliyan 13.5 don waɗanda gobarorinsa suka shafa, kusan rabi a hannun jari ba tsabar kuɗi ba. Mutane suka yi shekaru ana biyan su kaɗan-kaɗan, ba su kuma samu cikakken adadin da aka ƙayyade musu ba. A Lahaina ta tsibirin Maui, gobarar Agustan 2023 ta kai ga sulhu na kimanin dala biliyan 4, amma sai da aka je kotun ƙolin Hawai kan rabon da kamfanonin inshora ke nema kafin maganar ta matsa gaba. Wato kotu na iya kawo adadi mai yawa, amma a makare, bayan an cire kason lauya. Bayan abin da ya faru da PG&E ne Kalifoniya ta kafa asusun gobarar daji na dala biliyan 21 a 2019, don kada kowace babbar gobara ta ƙare a fatarar kamfani.

Ku sani kuma ba a biyan asara ɗaya sau biyu. Abin da inshora ta ba ku za a cire shi daga lissafin diyya, ita kuma inshorar za ta bi kamfanin wuta da kanta ta karɓo nata. Naku shi ne abin da ya rage: giɓin gini, kayan da suka haura iyaka, bishiyoyi, kwanakin aikin da aka rasa, da tashin hankalin daren da kuka gudu da yara. Kin ga dalilin da ya sa na ce a fara da inshora. Idan tayin kai tsaye ya zo, za ku ɗora shi a kan lissafinku ku ga ko ya rufe giɓin. Idan ya rufe, kuma abin da kuka fi buƙata shi ne ku fara gini yanzu, karɓarsa ba wauta ba ce. Idan ya gaza nesa, kun san abin da kuke yafewa.

Shawarata ita ce ku zauna da lauyoyi biyu ko uku kafin ku zaɓi hanya. Zaman farko galibi kyauta ne. Ku tambayi kaso nawa za su karɓa, ko kafin a cire kuɗin ɗawainiyar shari'a ne ko bayan an cire, ko za su taɓa kuɗin inshorarku, wanda bai kamata ba, da ko kasonsu zai ragu idan a ƙarshe kuka karɓi tayin kai tsaye. Ku tambayi wa zai riƙe fayil ɗinku, domin wasu masu talla tattara sunaye kawai suke yi su miƙa wa wani ofishi. Yaranku uku kowanne na da nasa haƙƙin, kuma sulhun ƙaramin yaro sai alƙali ya amince da shi. Kada kuma a bar lokaci ya ƙure: a dokar jihar, wa'adin shigar da ƙara kan rauni ko cutuwar jiki da ta zuciya shekara 2 ne, kan asarar dukiya shekara 3, sannan ƙarar kamfanin inshora na da nata wa'adin daban a cikin takardarku. Shekara 2 daga ranar gobara tana cika ne a Janairun 2027. Lauya ne zai faɗa muku takamaiman ranakun da suka shafe ku, ku sa ya rubuta muku su.

Game da maigida, kada ki ɗauki gajiyarsa a matsayin rashin kula. Na ga maza da yawa da ke son a rufe maganar saboda kowace wasiƙa daga kamfani tana dawo musu da daren gobarar, da jin cewa sun kasa kare gidansu. Kada ki nemi ya yarda da yaƙin shekara uku. Ki nemi wata biyu kawai, da aiki uku: cikakken kwafin takarda, lissafin gini mai layi-layi, da jerin kaya. Shi ya riƙe ɗan kwangila, ke ki riƙe jerin, ku ware rana ɗaya a mako da ba a maganar gobara a gidan ko kaɗan. In wata biyun sun cika, ku zauna da lambobin a gabanku, ku biyu, sannan a ɗauko takardar sa hannu.